Tsagar da Aka Goge a Fuskar Ajimi

Akwai wani matashi a nan cikin garin Diffa, sunansa Faysal. In ka taɓa ganin afish mai kyau, wato sanarwa mai hoto, ta shigo wayarka, ta biki ce ko ta taron furoje, wato ayyukan ƙungiyoyin agaji, ko ta buɗe sabon shago, to da wuya in ba daga hannunsa ta fito ba.

Butik ɗinsa, wato shagonsa, ɗan ƙarami ne a bayan kasuwa, tsakanin wani tela da masu awon tattasai. Odinata ɗaya, wato kwamfuta, fanka ɗaya, kujera biyu. Amma yadda yake ji da kansa, sai ka rantse bene mai hawa uku yake zaune.

A faɗi gaskiya, yaron ya iya aiki. Kuma yana da doka guda da ba ya karyawa: ba ya sakin hoto mai muni da sunansa a ƙasa. Ka kawo masa hoton kakanka, zai goge tamojin fuska. Ka kawo na ƙanwarka, zai ƙara mata haske har ku a gida ku yi ta kallo kuna tambayar wace ce. Mu kuma muna ta yabo, muna ta turawa. In ana neman waɗanda suka lalata Faysal, wallahi da mu a ciki.

A ƙarshen wata damina, lokacin da kogin Komadugu ya cika har ya fara cin gonakin tattasai, wata tsohuwa ta yi sallama a ƙofar butik ɗin, ranar wata Alhamis da hantsi. Ya Meram ake ce mata. Tana cikin waɗanda suka tsallako kogi daga Najeriya shekarun baya, ita da ɗanta guda da ya rage mata, Ajimi.

Ajimi magidanci ne, sana'arsa ɗauko bandar kifi daga wajen Bosso yana kawowa Diffa. Ya fita ranar Asabar, ya ce mata Litinin zai dawo. Litinin ta wuce, Talata ta wuce, wayarsa a kashe. Ta je tasha, ta je wurin jandarma ta ba da cigiya. Sai wata maƙwabciyarta ta ce mata akwai wani yaro a bayan kasuwa da ke saka mutum cikin waya, duniya duka ta gan shi.

Ta kwance bakin zanenta, ta fito da wata ƴar leda. A ciki akwai tsohon katin Ajimi na ƴan gudun hijira, da ɗan hotonsa a kusurwa. Hoton ya sha zufa, ya sha ninki, ya koɗe. Amma kana gani ka san mutumin: baƙi, siriri, da tsagar Barebari layi-layi a kumatu biyu, da guda a goshi.

Faysal ya riƙe katin da yatsa biyu, ya taɓe baki. Ya ce zai yi mata kyauta, saboda Allah. Kuma ban ce ƙarya yake ba. Sai dai a ransa ya riga ya hango yadda afish ta cigiya ke yawo fiye da ta biki, da sunansa a ƙasa.

Ya ɗauki hoton ya saka a wata manhaja da ke gyara tsofaffin hotuna. Ita manhajar ba ta san tsaga ba. A wurinta duk layin da ke kan fuska ƙarzuwar takarda ce, sai ta share rabi. Faysal ya duba, ya ga fuskar ta fi kyau haka, sai ya bi sauran da hannunsa ya ƙarasa. Ya ciko kumatun kaɗan, ya ƙara haske, ya cire tsohuwar rigar ya saka farar shadda.

Maƙwabcinsa tela, Baba Habibou, ya leƙo yana riƙe da almakashi. Ya dubi katin, ya dubi odinata.

Ya ce, "Faysal, ina tsagarsa?"

Faysal ko juyowa bai yi ba. Ya ce, "Baba, kai ka san ɗinki, ni na san hoto. Mutane ba sa tura hoto mai muni. In kana so a gan shi, sai ya yi kyau."

Baba Habibou ya koma kan kekensa yana girgiza kai.

Da aka gama, Faysal ya juyo da fuskar odinata wajen tsohuwa, yana jiran ta yi mamaki. Ta matso, ta ƙura ido, ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce a hankali, da Hausarta mai nauyin Barbarci:

"Ɗana, wannan yaro kyakkyawa ne, Allah ya raya wa uwarsa shi. Amma ba Ajimi ba ne."

Faysal ya yi dariya. Ya ce mata shi ne mana, gyara kawai aka yi, haka ake yi yanzu, kuma idon tsufa ba ya saba wa hasken odinata da wuri. Ta yi shiru. Ta dubi injuna, ta dubi takardun yabo da ya manna a bango, ta ce to, shi ne ya yi boko, shi ya sani. Da yake ba ta da waya, sai ya rubuta lambarsa a ƙasan afish ɗin, ƙarƙashin sunansa, da manyan baƙaƙe.

Jama'a, afish ɗin nan ta yi yawo. Kafin la'asar tana kowane zauren Watsaf na Diffa. Kafin Juma'a ta kai Maine, ta kai Damagaram, ta tsallaka Najeriya. Ni da nake ba ku labarin nan, na saka ta a wannan shafin, har na rubuta "Allah ya bayyana shi". Kuna iya komawa baya ku duba, sai dai na riga na goge.

A ƙarƙashinta rabin masu magana addu'a suke, rabi kuma tambaya suke wa ya yi wannan aiki mai kyau haka. Faysal yana karantawa yana murmushi.

Sai kira ya fara shigowa. Wani ya ga mutumin a tashar Maine. Wani ya gan shi yana sayar da turare a Damagaram. Wata ta rantse ita ce ta sayar masa da fura jiya. Faysal yakan ce su ɗauko hoto su turo, su kuma turo.

Kullum da safe Ya Meram takan zo ta zauna a kan bencin ƙofar Baba Habibou. Ba ta shiga butik ɗin, ba ta damun kowa. In Faysal ya zo buɗewa sai ta gaishe shi, ta ce, "An kira?" Ya nuna mata hotunan da aka turo, ta duba ɗaya bayan ɗaya, ta mayar masa da wayar. Ta zauna har azahar, sannan ta tafi.

Ranar Talata, kwana biyar da sakin afish, Faysal ya jera hotunan da aka turo masa gaba ɗaya a kan odinata. Mutum goma sha huɗu. Dukkansu masu haske, masu cikar kumatu, fuska sumul. Babu mai tsaga ko ɗaya.

A nan ne ya farga. Ya gane dubban mutane sun buɗe ido suna nema, da zuciya ɗaya, amma mutumin da suke nema babu shi a duniya. Shi ya ƙera shi ranar Alhamis, da hannunsa. Ajimi na gaskiya kuwa ko a gabansu ya wuce, ba wanda zai waiwaya.

To a nan ne nake jin haushin Faysal, kuma ba zan ɓoye ba. Kuskuren farko na jahilci ne da son a yaba. Na biyu kuwa da saninsa ya yi. Ya gane ranar Talata, amma bai ce komai ba.

Ya buɗe shafinsa zai rubuta, sai ya tuna masu furoje da ke ba shi aiki. Ya tuna abokan sana'a da ke jiran ya zame su yi dariya. Ya tuna yadda mutanenmu suke in sun samu na zagi a Fesbuk. Ya rubuta layi biyu, ya goge. Ya ce wa kansa wataƙila gobe Ajimi ya dawo da ƙafarsa, magana ta mutu ba wanda ya ji.

Laraba ta zo, Ajimi bai dawo ba. Tsohuwa ta zo ta ce, "An kira?" Faysal ya ce ba a kira ba, idonsa na kan makulli.

Ranar Alhamis ya nemi dabarar da za ta fid da shi ba tare da ya ji kunya ba. Ya saki hoton katin yadda yake, koɗaɗɗe, ba suna a ƙasa, ya rubuta kawai, "Ga wani hoton nasa." Mutum goma sha ɗaya suka tura. Wasu suka ce wannan ai wani mutum ne daban. Wani ya ce a yi hattara, ƴan damfara sun fara shiga maganar.

Ya goge afish ta farko daga shafinsa. Banza. Tana cikin wayoyi dubu nawa, kowa ya ajiye tasa. Ya goge da safe, da rana wani ya turo masa ita, yana cewa don Allah ya taimaka ya yaɗa, tunda shi yana da mabiya. Har ƙanwar mahaifiyarsa ta turo masa daga Damagaram.

Abinci ya daina shiga. Aikin mutane ya taru bai taɓa ba. In waya ta yi ƙara gabansa ya faɗi, in ta yi shiru ma gabansa ya faɗi. Ba ya iya rufe butik ya gudu, don tsohuwa tana ƙofa. Ba ya iya kashe wayar, don lambarsa ce kaɗai hanyar da labarin Ajimi zai bi ya iso.

Ranar Asabar da safe Baba Habibou ya shigo ya jawo kujera ya zauna, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce masa ya ga sabon hoton, kuma ya san dalilin da ya sa ba a rubuta suna a ƙasa ba.

Ya ce, "Ka saka sunanka a kan ƙarya da manyan baƙaƙe, gaskiya kuma ka sake ta ba uba. Mutanen bakin kogi ba karatu suke ba, murya suke saurara. Buɗe bakinka ka faɗa."

Faysal ya sunkuyar da kai. Can ya ɗauki wayar, ya danna, ya yi magana. Ya faɗi sunansa da inda butik ɗinsa yake. Ya ce afish ɗin da ke yawo shi ya yi ta, kuma ya canza fuskar mutumin. Ya ce Ajimi baƙi ne, siriri, yana da tsaga a kumatu biyu da goshi, shi ya goge ta don hoton ya yi kyau. Sau ɗaya ya ɗauki muryar, bai sake ɗauka ba. Baba Habibou ya maimaita da Barbarci. Suka haɗa da hoton katin suka tura.

Zagi kam ya sha. Wasu abin da suka rubuta ba zan iya maimaitawa a nan ba. Amma muryar ta tafi, ta bi ƙauyukan kogi daga waya zuwa waya.

Ranar Lahadi da hantsi wata mata ta kira. Ta ce sunanta Halimatu Sa'adiya, ita ce majo, wato shugabar wata ƙaramar likita, asibitin karkara, a wani ƙauye gaba da Gueskérou. Ta tambaya ko shi ne mai muryar. Ya ce shi ne. Sai ta ce ya zo, kuma ya taho da mahaifiyar.

Suka shiga mota su uku, har da Baba Habibou. Inda ruwa ya yanke hanya suka sauka, suka shiga kwalekwale. Ya Meram ta ƙulle ƴar ledar katin a hannunta har suka isa.

Majo ta shimfiɗa musu tabarma a inuwar ɗakin magani. Likitar cike take da mata da yara masu zazzaɓi. Ta zauna kusa da tsohuwa, ta ba su labari.

Ranar Litinin ɗin da Ajimi ya ce zai dawo, wata motar kifi ta kife a kan hanya kusa da su. Aka kawo mata mutum biyar. Huɗu danginsu suka zo suka ɗauke su a kwalekwale zuwa babbar likita ta Diffa, don motar marasa lafiya ba ta iya ƙetare ruwan. Na biyar ya bugu a kai, ba ya magana, ba waya, ba takarda. A hanya ya hau motar, ba wanda ya san shi. Ba ta da wanda za ta haɗa shi da shi ya riƙe shi a cikin kwalekwale, ita kuma ba ta iya barin yaran da ke kwance.

Ta ɗauki hotonsa ta tura zauren ma'aikatan lafiya. Fuskar a kumbure, kai a naɗe, abin da ake gani sosai tsagar ce kawai. Ranar Juma'a wata abokiyar aikinta ta turo mata afish ɗin Faysal, ta ce ko wannan ne.

Majo ta dubi Faysal ta ce, "Na kai wayar kusa da fuskarsa, na duba, na sake dubawa. Har na danna lambarka. Sai na ce kumburi yana canza mutum, amma ba ya saka masa tsaga. Na kashe."

Ta ce ya yi kwana goma sha ɗaya a hannunta. Wani lokaci yakan farfaɗo ya kira uwarsa da Barbarci, ya koma. Har Larabar nan da ta wuce yana karɓar kunu in an ɗura masa. Alhamis jikin ya rikice. Ranar Juma'ar nan da ta wuce, da safe, Allah ya karɓi abinsa. Mutanen ƙauyen suka yi masa sutura bayan an sauko daga masallaci, ba su san sunan da za su ambata ba.

Faysal ya ƙirga kwanakin a ransa, ba ya so, amma suka ƙirgu da kansu. Ranar Talata ya gane. Ranar Laraba Ajimi yana shan kunu. Muryar da ya tura ranar Asabar kwana ɗaya tak ta yi ta iso ƙauyen.

Ban ce da an kai shi Diffa zai rayu ba. Wannan sanin Allah ne, majo ma haka ta ce. Amma ko ba komai, da uwarsa ta same shi da rai, da ya kira ta ta amsa.

Aka kai su kabarin, can kan tudu inda ruwa bai kai ba. Ya Meram ta durƙusa ta dafa ƙasar, ta daɗe tana magana da Barbarci a hankali. Faysal yana tsaye a baya yana kuka kamar ƙaramin yaro, ba wanda ya ce masa ya yi shiru.

Ya so ta zage shi. Wallahi da ta zage shi da ya fi samun sauƙi. Ba ta yi ba. A cikin kwalekwale, suna komawa, ya durƙusa a gabanta yana neman gafara, har mai tuƙi ya ce ya zauna kar ya kifar da su.

Ta ce masa ita ma da nata. Ta gani da idonta ba ɗanta ba ne, ta faɗa sau ɗaya, aka yi mata dariya, sai ta ji kunya ta yi shiru. Ta ce ta yafe masa, ita ma Allah ya yafe mata shirun. Sannan ta miƙa masa ƴar ledar.

Ta ce, "Ka yi masa afish ta rasuwa, mutanenmu su ji, su yi masa addu'a. Amma ka bar masa tsagarsa. A cinyata aka yi masa ita."

Ya yi. Hoton katin yadda yake, koɗaɗɗe, da ninkinsa, da layukan kumatu biyu da na goshi. Bai ƙara haske ba, bai saka shadda ba. A ƙasa ya rubuta sunansa ƙarami, ba don talla ba, don a san wanda za a tambaya.

Yau wata bakwai ke nan. Faysal yana nan a bayan kasuwa, aiki ya ragu, wasu sun daina zuwa. In ka kawo masa hoton tsoho ka ce ya goge tamoji, zai ce maka ka gwada wani wuri.

Amma afish ta farko ba ta mutu ba. Har yanzu tana yawo. Duk bayan ƴan kwanaki wani bawan Allah zai tsince ta a wani zaure, tausayi ya kama shi, ya tura. Sai wayar Faysal ta yi ƙara. Abokansa sun ce ya canza lamba ya huta, ya ƙi.

Makon jiya ina zaune a butik ɗin aka kira daga Agadez. Wani mutum ne, cike da murna, yana cewa ya ga wanda ake cigiya, ga shi nan a gabansa a tasha, fari kyakkyawa, sak na hoton. Faysal ya saurare shi har ya gama.

Sannan ya ce, "Na gode, Malam, Allah ya saka. Wanda ake nema ya rasu, sunansa Ajimi, yana da tsaga. Ni na goge ta. Don Allah ka goge afish ɗin, ka faɗa wa wanda ya turo maka."

Ya ajiye wayar a kan tebur, fuskarta a sama, inda zai gani in ta sake kunnuwa.

Darasi: Hoton cigiya ba na ado ba ne, na ganewa ne, kada ka gyara wa mutum fuskar da za a neme shi da ita. In wanda ya fi ka sanin abu ya ce maka ba haka ba ne, ka saurara ko da bai yi boko ba. In kuma ka gane ka yi kuskure, ka faɗa a ranar, da bakinka da sunanka, domin abin da ka saki a waya ba ya dawowa, kuma kwanakin da kake ɓoye kunyarka wani yana kwance yana jira. Ku tura wannan ga duk mai aikin hoto da duk mai saurin turawa da kuka sani. Wanda kuma afish ɗin nan take cikin wayarsa har yanzu, don Allah ya goge ta, ya yi wa Ajimi addu'a.